AJIYAR ZINARIYA DA AZURFA: DARASI DOMIN IYALAI DA ƘUNGIYOYIN IKILISIYA



A tarurrukan iyaye maza, da na Zumuntar Mata, har da na matasa, akwai tambayar da takan taso bayan an yi addu'ar rufewa. Kuɗin da muke tarawa suna narkewa a hannunmu kamar man shanu a rana, shin ba gara mu mai da su zinariya ko azurfa mu ajiye ba? Tambayar tana da dalili. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, amma a shekarar 2024 sai mutum ya ba da fiye da naira 1,500 kafin ya sami dala ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Wanda ya yi shekara talatin yana aiki, ya karɓi kuɗin sallamarsa, lalle ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe tun daga farko: zinariya rumbu ce, ba gona ba. Rumbu yana tsare hatsin da aka zuba masa, amma ba ya ƙara ko zangarniya ɗaya. Sauran darasin bayani ne a kan wannan magana.

1. ABIN DA YA SA MUTANE SUKE DOGARA GA ƘARFEN

Masana harshe sun nuna cewa kalmar zinariya ta zo mana daga kalmar Larabci dinar, ita kuma daga sunan wata tsabar kuɗi ta Romawa, wadda muke karantawa dinari a cikin Bishara. A Matiyu sura 20 dinari ɗaya shi ne ladan ma'aikacin gona na yini guda. Abin lura shi ne, dinarin Romawa na azurfa ne. A zamanin Kaisar Augustus nauyinsa ya kai wajen giram 3.9, kusan dukansa azurfa. A shekara ta 64 Kaisar Nero ya rage masa nauyi, ya kuma gauraya shi da jan ƙarfe. Sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba da ragewa duk lokacin da baitulmali ya bushe, har ya zama wajen shekara ta 270 tsabar da ta maye gurbin dinari ba ta da azurfar da ta kai kashi 5 cikin 100. Hoton sarki yana nan bisa kuɗin, amma darajar ta tafi, farashin kaya kuwa ya yi ta hawa.

Kakanninmu ma sun ga irin wannan. A 1912 Turawan mulki suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 aka fito da sule da sisi da taro na azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada ƙwarai, sai a 1920 aka fara ƙera su da tagulla. Ingila da kanta ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi a 1920, ta cire ta gaba ɗaya a 1947. Wanda ya ajiye tsohon sule ya tashi da azurfa a hannunsa, wanda ya ajiye sabo ya tashi da tagulla.

Wannan shi ne tushen dogarar mutane ga ƙarfen. Hukuma tana iya buga takardar kuɗi yadda ta ga dama, amma ba ta iya buga zinariya, sai an haƙo ta da wahala. Ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, kuma ana iya ɗaukarta a ƙullin zane a ranar gudun hijira.

2. NAUYI DA TSABTA

Wanda ya sayi zinariya abu biyu yake saya, nauyi da tsabta. A kasuwannin duniya ana auna zinariya da azurfa da wata oza ta musamman, wadda take daidai da giram 31.1. A kasuwanninmu da giram ake ciniki. Tsabta kuwa da karat ake faɗinta. Karat 24 ita ce tatacciya. Karat 22 tana da zinariya kashi 916 cikin 1,000, karat 21 tana da 875, karat 18 tana da 750. Waɗannan lambobi su ne akan buga a jikin sarƙa ko awarwaro. Saboda haka sarƙa mai giram 10 ta karat 18 zinariyar da take cikinta giram 7.5 ce kaɗai, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa da aka haɗa domin ta yi ƙwari. Kayan azurfa masu kyau sukan ɗauki lamba 925.

Ƙasashe da yawa suna ƙera tsabar zinariya musamman domin masu ajiya. Afirka ta Kudu ta fito da Krugerrand a 1967. Nauyinta giram 33.93, karat 22 ce, zinariyar cikinta oza ɗaya cif. Kanada ta fito da Maple Leaf a 1979, Amurka ta fito da Eagle a 1986. Fam ɗin zinariya na Ingila, wanda ake kira Sovereign, ana ƙera irinsa tun 1817, nauyinsa kusan giram 8, zinariyar cikinsa giram 7.32. Akwai kuma curin zinariya, daga ƙarami mai giram 1 har zuwa babban tubali mai wajen oza 400, wato fiye da kilo 12, irin wanda manyan bankunan ƙasashe suke ajiyewa.

Amfanin sanannun tsabobi shi ne, an san nauyinsu da faɗinsu da kaurinsu a ko'ina cikin duniya, don haka sun fi sauƙin gwadawa da sauƙin sayarwa. Ka'ida ɗaya kuma ta shafi dukansu: gwargwadon ƙanƙantar abin da ka saya, gwargwadon yawan kuɗin ƙira da za ka biya a kan kowane giram.

3. DARASIN LIYARI

Tsofaffi a cikinmu sun san liyari, wato babbar tsabar azurfa mai hoton wata mace, wadda mata sukan rataya a wuya, maƙeran fari kuma sukan narkar su yi zobba da mundaye. Matar ita ce Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya. An fara ƙera tsabar a 1741. Nauyinta giram 28, azurfar cikinta ta ɗara giram 23 kaɗan. Fatake suka ratso hamada da ita zuwa Borno da ƙasar Hausa. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canja irin wannan dala ta azurfa da wuri wajen 2,500. A Habasha da Yaman ma an daɗe ana ciniki da ita.

Ga abin da ya kamata mu sani. Sarauniyar ta rasu a 1780. Da yake 'yan kasuwa sun riga sun amince da tsabar yadda take, ba sa karɓar wadda aka sauya mata kama, sai aka ci gaba da ƙera ta da shekarar 1780 a jikinta. An ƙera ta a Biyana, an ƙera ta a London da Paris da Roma da Bombay, har adadin ya wuce miliyan 300. Saboda haka in wani ya kawo maka liyari, ya nuna maka 1780, ya ce ka biya kuɗi masu yawa domin ya fi shekara ɗari biyu, ka sani mai yiwuwa ka girme shi. Darajar yawancin liyari ita ce darajar azurfar da take cikinsa, da ɗan ƙari kaɗan.

Fatake sun amince da liyari ne domin kowane ɗaya nauyinsa daidai yake da na ɗan'uwansa. Ma'auni suka bi, ba hoto ko shekara ba.

4. MAI AJIYA DABAM, MAI TARAWA DABAM

Akwai mutum iri biyu a wannan kasuwa, kuma asara mai yawa takan faru ne sa'ad da aka rikita su. Mai ajiya yana neman ƙarfen ne kawai. Mai tarawa kuwa yana neman tsabar da ta yi wuyar samu, yana duba shekararta, da inda aka ƙera ta, da ko ta goge ko ba ta goge ba.

Ga misali daga Amurka. A 1933 an ƙera tsabar zinariya ta dala 20 guda 445,500. A shekarar nan Shugaba Roosevelt ya ba da umarni mutane su miƙa zinariyarsu ga hukuma, saboda haka ba a sake su cikin jama'a ba, aka narkar da kusan dukansu. Guda ɗaya da doka ta yarda mutum ya mallaka an sayar da ita a New York a watan Yuni na 2021 a kan dala miliyan 18.9, alhali zinariyar cikinta ba ta cika oza ɗaya ba. Abin da aka biya kuɗin tarihinta ne da rashin irinta.

Irin wannan labari shi yake sa mutum ya ga tsohon kwabo mai huji a akwatin kakarsa ya ɗauka ya tsinci arziki. An ƙera kwabo da anini miliyoyi, ba su da zinariya ko azurfa, kuma yawancinsu ba su da tsada. Tara su abu ne mai kyau domin koya wa yara tarihi. Amma ciniki da tsabobi masu wuyar samu sana'a ce mai bukatar karatu na shekaru, wanda bai iya ba ya bar wa masu ita. In kuwa ka gaji tsohuwar tsaba, kada ka goge ta da toka ko lemun tsami domin ta yi ƙyalli, gama masu tarawa suna rage kuɗin wadda aka goge.

5. FARASHI YANA HAWA, YANA KUMA SAUKA

Masu talla sukan ce zinariya ba ta faɗuwa. Bari mu duba tarihi. Daga 1934 hukumar Amurka ta tsai da farashin oza ɗaya a dala 35, har zuwa 15 ga Agusta 1971, ranar da Shugaba Nixon ya daina canja dala da zinariya. Daga nan farashi ya yi ta hawa har ya kai dala 850 a watan Janairu na 1980. Mutane suka yi ta tururuwar saye. Sa'an nan ya juya. A 1999 oza ɗaya ta sauko zuwa wajen dala 255, ba ta sake kai 850 ba sai a Janairun 2008. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 ya jira shekara 28 kafin ya ga adadin kuɗinsa, kuma dalar 2008 ba ta sayen abin da dalar 1980 take saye.

An maimaita haka. A Satumban 2011 oza ta kai wajen dala 1,900, a Disamban 2015 ta dawo wajen 1,050. Daga baya ta wuce 2,000 a Agustan 2020, ta wuce 3,000 a Maris na 2025, ta wuce 4,000 a Oktoban 2025. Wanda ya dubi waɗannan shekaru na baya kaɗai zai ce hawa ne babu sauka, amma Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Azurfa ta fi zinariya tsalle. A ƙarshen shekarun 1970 wasu attajirai 'yan gida ɗaya daga Texas, da ake kira Hunt, suka yi ta sayen azurfa da kuɗin bashi har farashin oza ya kusa dala 50 a Janairun 1980. A ranar 27 ga Maris na shekarar ya faɗi ƙasa da dala 11. In attajirai sun karye a wannan kasuwa, to, mai ɗan albashi fa?

Gaskiya ne cewa ga mai riƙe da naira, faɗuwar naira ta sa zinariya ta tsare masa daraja cikin shekaru masu yawa. Amma wannan tsaro na dogon zango ne. Ranar da bukata za ta taso ba ta tambayar ko kasuwa tana sama ko tana ƙasa.

6. RUMBU BA YA HAIHUWA

Akuya tana haihuwa. Gona tana ba da amfani kowace damina. Keken ɗinki yana kawo kuɗin cefane. Yaron da aka biya wa makaranta yakan riƙe gida wata rana. Amma giram 10 na zinariya, ko ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado, giram 10 za ka tarar. Riba ba ta zuwa sai in wani ya yarda ya saya da tsada fiye da yadda ka saya.

Bugu da ƙari, akwai asara tun ranar saye. Kowane mai shago yana da farashi biyu, na sayarwa da na saye, tazarar da take tsakani ita ce abincinsa. A kayan ado kuma akwai kuɗin ƙira, wanda ba ya dawowa. A ce, domin misali kawai, uwargida ta sayi 'yan kunne, kashi 10 cikin 100 na abin da ta biya kuɗin ƙira ne, mai shago kuma yana rage wani kashi 5 in zai saya. In ta komar da su washegari, ta rasa wajen kashi 15. Sai farashi ya hau fiye da haka kafin ta ga uwar kuɗinta. Saboda haka kafin ka biya, tambayi mai shago nawa zai ba ka in ka dawo masa da kayan a yau ɗin nan.

Akwai kuma nauyin tsaro. Zinariya a gida tana kiran ɓarawo, musamman in baki ya yi yawa. Wanda kuma ya binne ta bai gaya wa kowa ba, in Ubangiji ya kira shi, ya bar gwauruwa da marayu suna yunwa bisa dukiyarsu. Miji da mata su san abin da aka ajiye da inda yake, a kuma rubuta shi cikin wasiyya.

7. JABU DA DAMFARA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zinariya da azurfa ba sa manne wa maganaɗisu, abin da ya manne jabu ne. Amma rashin mannewa bai isa shaida ba, gama tagulla ma ba ta mannewa. Zinariya tana da nauyi ƙwarai, ta ninka ruwa sau 19 da ɗoriya, tagulla kuwa ba ta kai sau 9 ba, don haka tsabar jabu in ta yi daidai a nauyi takan fi ta gaskiya kauri ko faɗi. Masu sana'ar suna goga kaya a dutsen gwaji su ɗiga ruwan asid, waɗansu kuma suna da na'ura. Duk da haka akwai wani ƙarfe, tangistin, wanda nauyinsa kusan ɗaya yake da na zinariya, an kuwa sha kama curin da aka cika cikinsa da shi aka lulluɓe bayansa. Lambar da aka buga a jikin kaya ma ana iya ƙirƙira ta.

Saboda haka mu saya a wurin wanda yake da shago sananne, a auna a gabanmu, a ba mu rasit mai nuna nauyi da karat. Mu guji wanda ya tare mu a tasha da garin zinariya a ƙullin leda yana cewa sauri yake yi, gama araha ba ta ado. Mu guji kuma masu cewa mu kawo kuɗi su saya mana zinariyar da ba za mu gani ba, su riƙa ba mu riba kowane wata. Tun da ƙarfen ba ya haihuwa, daga ina ribar wata-wata take fitowa? Sau da yawa daga aljihun sababbin shiga take fitowa, ranar da suka ƙare kuwa sai a nemi mai kamfani a rasa. Wannan cinikin biri a sama ne, ko da wanda ya kawo shi muna zama a benci ɗaya da shi ran Lahadi.

8. LAMIRIN MAI SAYE

Akwai tambayar da ma'auni ba ya amsawa: daga ina zinariyar ta fito? A 2010 aka gano cewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara yara aƙalla 400 sun mutu saboda gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma, ana kuwa niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Wanda yake sayen zinariyar ɓoye domin arha, ya tuna akwai yiwuwar wani ya riga ya biya cikon kuɗin da ran ɗansa.

Ikilisiya tana da waliyyi na maƙeran zinariya da masu tara tsabar kuɗi, wato Waliyyi Eligius na ƙasar Faransa, wanda muke tunawa da shi ran 1 ga Disamba. Tarihin rayuwarsa ya nuna cewa Sarki Clotaire na Biyu ya ba shi zinariya ya ƙera masa kujerar sarauta ɗaya, shi kuwa ya ƙera biyu daga cikinta, bai ɓoye ragowar ba. Daga baya aka ɗora shi bisa aikin ƙera kuɗin masarauta, har akwai tsabobi masu ɗauke da sunansa da suka wanzu. Dukiyar da ya samu ya yi ta fansar bayi da ita. Ya zama Bishop na Noyon, ya rasu a shekara ta 660. Zinariya ta ratsa hannunsa dukan kwanakinsa, amma ba ta zauna a zuciyarsa ba.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ajiya maganin wata rana ce, tanadi kuma ba zunubi ba ne. Amma akwai tsari. A fara da abincin gida, da kuɗin makaranta, da biyan bashi, da ɗan kuɗi a hannu saboda rashin lafiya. Abin da ya ragu, wanda ba za a bukace shi ba cikin shekaru masu yawa, shi ne za a iya mai da wani sashensa zinariya ko azurfa, ba dukansa ba. Kada a ci bashi domin saye. Kada a sayar da gona domin saye. Ma'ajin ƙungiya kuma kada ya taɓa kuɗin adashi ko na zumunta da sunan zai juya su, sai da yardar dukan membobi a rubuce, gama amana ce.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Awarwaro mai giram 20 na karat 21, giram nawa ne na zinariya a cikinsa?
2. Me ya sa shekarar 1780 a jikin liyari ba ta tabbatar da tsufansa?
3. Mene ne bambancin mai ajiya da mai tarawa?
4. In aka kira ɗayanmu yau, iyalinsa sun san abin da ya ajiye da inda yake?
5. Wace amsa za mu ba ɗan'uwan da ya kawo mana cinikin zinariya mai riba kowane wata?

MU YI ADDU'A

Ya Allah Uba, kai ne ka sa zinariya da azurfa a cikin ƙasa. Ka ba mu hikimar tanadi domin iyalanmu, ka tsare ma'auninmu daga ha'inci, ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi, ka kuma buɗe hannuwanmu ga matalauta. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.